Mai Babur Ɗin Ranar Laraba

Yaya ce ta kunna wutar. Tana shiga falon ƙanenta Bakanike ta ɗauki tsohon littafin da matarsa Malama ta bari a kan kujera, ta ɗaga shi da yatsu biyu kamar tsumma.

"Ka san abin da ke ciki? Wata ce ta sa kayan maza ta tsere daga gida, wai ita 'yanci! Kuma duk Laraba sai matarka ta cusa shi a jaka ta fice. Wajen wa? Kai dai zauna kana wanke fulogi!"

Kishi ya turnuƙe Bakanike. Kwana uku ko abinci ba ya wuce masa.

Ranar Laraba ya ari babur ɗin haya a gareji, ya kifa hular kwano, ya ɗaura takunkumi, ya tsaya a bakin layi. Malama ta fito ta tsayar da shi, ta hau.

Ya shaƙe murya. "Ina muka nufa?"

"Inda zuciyata ke hutawa. Mu je."

Wayyo! Saura kaɗan ya afka kwata.

Ta sauka a ƙofar wani ɗan gida, ta ce ya jira. Ya lallaɓa ya leƙa ta taga. Wata tsohuwa ya gani zaune a tabarma, makauniya, Malama na karanta mata littafin, ita kuma tana gyara mata inda ta yi sauri.

Da Malama ta fito, idonta cike da hawaye, ta ce, "Cire hular, Maigida, kar zufa ta kashe ka. Ni na ɗinke yagar kafaɗar rigar nan — da baƙin zare, don shuɗin ya ƙare."

Ya cire.

"Tsohuwar da ke ciki malamata ce ta firamare, idonta ya tafi. Sau biyu ina gaya maka, kana kallon ƙwallo. Ta cikin littafin ta ɓad da kama don ta sami 'yancinta — kai kuwa ka ɓad da taka don ka ƙwace nawa!"

"Ki yafe mini. Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige."

Ta miƙa masa jakar. "Riƙe. Shekara uku ina haƙuri da Yaya, yau kai za ka ba ta amsa."

Ya kuwa ba Yaya amsa, cikin ladabi, ya ce ta daina sa baki a fitar matarsa.

Zargi ba ya tsare aure. Tambaya da yarda ke tsare shi. Laraba ta gaba shi ya kai Malama, fuskarsa a buɗe, ya zauna a gefen tabarma ya ji ƙarshen labarin.