Maraba da Baki

Rana na shirin faɗuwa mai sabon masaukin ya buga mata waya, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Malama mai zane, gobe za mu buɗe, ga allonki yana cewa MARABA DA BAKI. Bakin wa? Kowa ya zo wucewa sai ya ɗauki hoto."

Laifinta ne. Shekara biyu ta yi tana zana haruffan nan: dogaye, gefe ɗaya mai kauri, ɗayan siriri, kowanne tsaye a kan 'yan ƙafafu masu tsini. Ba na cikin littafi ba ne, na goshin gini ne da katin gayyata, inda kalma uku sun isa. Babban Ƙ kaɗai ya gagare ta. Duk ƙugiyar da ta ɗora masa sai ta ga ta ɓata masa tsayuwa. Tana ta sai gobe, har masu yankan ƙarfe suka sa K suka wuce.

Ta shayar da jaririyarta, ta miƙa wa surukarta, ta ɗauki ƙugiyar tagullar da aka yanko mata. Yayanta ya ɗaura tsani a saman mota.

"Da Baba na raye da kin sha ranƙwashi," in ji shi a hanya.

Mahaifinsu mai rubuta alluna ne, kuma yana da doka ɗaya. Allon da ke cewa maraba ba a kammala shi sai da rana, mai gida na tsaye a ƙofa. In babu mai karɓar baƙi, wanda ya rubuta shi ne mai masauki. "Ba mu kaɗai muka iya karatu ba," haka yake cewa.

"Haba Yaya. Kusa biyu ce fa."

Layin sabo ne, babu kowa. Warin fenti da ɗanyen siminti. Ƙofar masaukin da kwaɗo, maigadi bai iso ba. Ta hau tsanin, yayan na riƙe da shi. Ta ɗaure kusa ta farko.

"Duhu ya yi. Tsaya da kyau, in ɗauko fitila a mota."

Ta ji tafiyarsa. Tsanin bai ko motsa ba, ita kuma ba ta yi tunanin dalili ba. Ta murɗa kusa ta biyu. Ƙugiyar ta zauna ɗas, harafin ya yi kyan da bai taɓa yi a takarda ba.

BAƘI.

Injin da ke ruri daga nesa ya mutu. Kwaɗi suka yi tsit.

Wani wari ya taso, kamar tokar da aka watsa wa ruwa. Sai taku. Ƙanana, masu tsini, kamar ana ɗiga bakin allura a kan gilashi. Daga dama. Daga hagu. Da yawa.

"Mun gode da maraba," wata murya ta raɗa daga ƙasa.

Ta leƙa. Yayanta na can nesa, ya sunkuya cikin mota. Amma akwai hannuwa a kan tsanin. Dogaye. Gefe ɗaya mai kauri, ɗayan siriri.

"Ƙofa a rufe take," in ji wata muryar. "Mai gida ba ya nan."

"To ga wadda ta kira mu."

Wani abu ya shinshini gefen zaninta.

"Tana ƙamshin nono."

"Akwai ƙarama a gidanta. Can za mu sauka."

Ta buɗe baki za ta yi addu'a, harshe ya yi nauyi. Abin murɗa kusa ya suɓuce, bai yi ƙarar faɗuwa ba.

Matakin farko ya yi ƙara. Ana hawowa.

Ta kama ƙugiyar da hannu biyu, ta ja. Tagulla ta shige tafinta.

Mataki na uku.

Ta sake ja. Kusa ɗaya ta fita.

"Bar shi," aka ce, dab da ƙeyarta.

Ta saki dukan nauyinta. Ƙugiyar ta ɓalle.

"Ba da ku ake ba," ta ce da ƙyar. "Ku sake karantawa."

Ta ji suna karantawa, harafi bayan harafi.

"Baki," in ji muryar, kamar an ci mutuncinta. "To. Amma mun riga mun taso, ba ma komawa hannu rabbana."

Wani abu mai sanyi ya shiga bakinta, ya taɓa can gindin harshe, ya fizgo.

Aka saki tsanin.

A kan tulin yashi yayanta ya tsince ta, jini har gwiwar hannu. Ya ce bai ga kowa ba, bai ji komai ba. Da suka isa gida, jaririyar na barcinta lafiya lau.

Kashegari da hantsi wani ya gyara allon, mai masauki na tsaye a ƙofa. Haruffan nata sun yi suna, suna kan gine-gine da yawa. Ita dai tun daga ranar ba ta sake iya furta ƙ ba. Kofa take cewa, karfe, kafa. Likita ya duba bai ga komai ba.

Yarinyar ta girma ta yi baki, har tana yi mata gyara.

"Umma, ba baki ba. Baƙi. Ce baƙi!"

Sai uwar ta yi murmushi ta ce ba ta iya ba, ta tashi ta je ta duba sakata.