Ƙarfen da Tukur Ya Kafa

Rana ta yi ja a kan fadama lokacin da dutsen farko ya faɗo gidan Badaru. Iya, mahaifiyarsa, tana kwashe tuwo, shanu suna shigowa garke, baƙinsa biyu kuma, Tukur da Haris, suna zaune bisa tabarma suna kankare taɓo daga ƙafafunsu. Dutsen ya sauka tsakiyar tukunyar miya. Kowa ya ɗaga kai. Babu kowa a kan katanga.

Tukur ya sa ludayi ya tsamo dutsen. Baƙi ne, sumul, sanyi ƙalau duk da tafasar miyar. Abin da ya fara taɓa zuciyarsa shi ne, ƙasar Tudun Goruba ba ta da duwatsu. Laka ce da rairayi.

Tukur da Haris da Badaru tare suka yi sakandare a Haɗejiya. Tukur ya zauna cikin gari yana fataucin riɗi, Haris ya yi koyarwa a Malam Madori har ya ajiye aiki, Badaru ya koma ƙauyensu Tudun Goruba, gabas da Kirikasamma, ga shanu ga shinkafa. Da furfura ta kama su, Tukur ya kawo shawara: su shiga kwale-kwale daga Haɗejiya har Tudun Goruba, su riƙa sa hotuna a waya, mutane su ga garin da ruwa ya kewaye amma yaransa na fitsarin jini saboda amfani da na kududdufi. Suka keta ciyawar kacala, suka kwana wajen masunta, jirgin ya kife da su sau ɗaya suka fito suna dariya kamar yara. Jama'a suka taimaka, aka yi alkawarin motar haƙa rijiyar burtsatse.

Da safiyar ranar da suka iso, Tukur ya ɗauki rodi ya kafa a bayan gidan, gindin wata tsohuwar goruba, ya ce nan za a haƙa.

"Ba a taɓa wurin nan, ɗan nan," in ji Iya. "Ko akuya ba ma ɗaurewa."

Badaru ya ce a bari tukuna. Tukur ya yi dariya, ya ƙara buga rodin har ya nutse rabi.

Yanzu ga duwatsu suna zubowa. Ba su sami kowa ba, amma sun fasa randa, sun huda kwanon rufi. Shanu suka tsaya cik, ba mai ko kaɗa wutsiya. Sai aka ji wata murya daga bayan gida, can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana cikin tulu, tana kiran sunan Tukur a hankali.

Suwaiba, 'yar Badaru ta fari, wadda ta kawo musu ruwan wanke hannu ɗazu, ta fito daga ɗaki tana jan ƙafa. Kayanta sharkaf da ruwa, ba wanda ya san daga ina. Ta tsaya gaban Tukur ta zuba masa ido. Yarinyar da ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, da ba ta kiransa sai Baffa.

"Kai ne mai ƙarfe," ta ce, da muryar tsohuwa.

Ta shaƙe shi. Sai da Badaru da Haris suka haɗu suka ɓamɓare yatsunta.

Washegari gari ya juya musu. Mutanen da suka tare su da guɗa a bakin ruwa suka daina amsa sallamarsu. Wani ya sare igiyar jirginsu. Badaru ya aika Birniwa a ɗauko Malam Modu, wanda aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura.

Malam ya iso bayan la'asar, dattijo siriri mai tsagen Barebari. Ya sa aka zaunar da Suwaiba a tsakar gida, mata suka riƙe ta. Ya yi ta karatu, ba gaggawa, har inuwar katanga ta rufe su. Jikin yarinyar ya sandare, ta yi wata ƙara da ta tashi tsuntsaye daga kan goruba.

"Wace ce ke?" Malam ya tambaya.

"Na riga kakan kakansu zama a nan. Ƙarfensa ya ratsa rufin ɗakina, ya soki ɗana a kafaɗa."

"Yarinyar ce ta kafa?"

"Ita ce a kusa."

"To kin yi zalunci. Me kike so?"

"Jinin baƙin bijimi a gindin itacen."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah."

"To in tafi da ita ƙasan ruwa."

Malam ya ci gaba da karatu, yana tofawa a ruwa yana yayyafa mata. Ta yi ta birgima tana zagi, tana cewa ana ƙona ta. Tukur yana tsugune, wuyansa na zogi, yana jin idon Badaru a bayansa.

Can ta yi laushi. "A zare ƙarfen. Wanda ya kafa shi ya zare. A kai rijiyar inda inuwar gorubar ba ta kaiwa. Shi kuma kada ya ƙara taka garin nan."

"Zarewa za a zare, rijiya za a matsar," in ji Malam. "Amma ƙasa ta Allah ce, ba ke za ki hana bawa taka ta ba."

Tukur ya zaga baya shi kaɗai. Ya kama rodin. Da ɗumi, kamar jikin mai rai. Ya yi bismilla ya ja, ramin ya yi wani nishi, wari irin na ruɓaɓɓen kifi ya buso. Daga cikin gida ya ji atishawa mai ƙarfi, sannan shiru, sannan muryar Suwaiba ta gaske tana cewa, "Iya, ƙishi nake ji."

Ya dawo da rodin a hannu, ya buɗe baki zai ba da haƙuri. Badaru ya riga shi.

"Allah gafarta Malam, ka ce ba ita ke da ikon korarsa ba. To ni ina da iko da gidana." Ya juya. "An faɗa maka, Tukur. Uwata ta faɗa maka, ni na faɗa maka. Ka saba in ka yi magana mu bi. Gobe ka bi jirgin kasuwa."

Haris ya sa baki, Malam ma ya sa. Badaru ya shige ɗaki.

Motar haƙa ta zo da rani, aka haƙa can gefen makaranta, ruwa ya fito. Tukur bai je ba. Ya kira Badaru a waya har ya gaji da kira.

Wata la'asar Haris ya shigo shagonsa a Haɗejiya ɗauke da ƙaramar jarka cike da ruwan sabuwar rijiyar, ya ajiye bisa buhun riɗi. Tukur ya zuba a kofi ya ɗaga wa haske. Garau, ba ƙura ba wari. Ya sha ya shanye.

"Shi ya aiko?"

Haris ya kawar da kai. "Suwaiba ce ta cika. Ta ce a gai da Baffa. Ubanta bai sani ba."