Butar Shayin Baba

Ƙafafun mai gyaran kwamfuta Auta ta fara gani, sun leƙo daga ƙarƙashin teburinta. Da ya fito da ƙura a goshi yana murmushi, sai ta manta abin da ta zo ɗauka.

Ofishin zanen gidaje na babanta ne. Duk zanensu yana cikin folda ɗaya a babbar kwamfuta, saba, sauran kwamfutoci huɗu daga can suke buɗewa. Da safe lafiya lau. Rana na yi, folda ta ɓace ɓat.

Sau biyu mai gyaran yana zuwa. Ya duba suna da kalmar sirri, ya duba izinin kowa, komai daidai. Auta kuwa ta zuba masa ido, don bawan Allahn nan ko tsaki ba ya yi.

Ran nan ya rubuto mata: "Autar Baba, ƙarfe nawa take ɓacewa?"

"Biyu daidai, Mai Waya. Ko dai dalilin hira kake nema?"

"Duka biyun."

A zuwa na uku ya jira biyu ta buga, ya bi waya har ɗakin Baba, Auta na biye. Ashe Baba ne ke zare filogin akwatin da ke haɗa kwamfutocin, ya jona butar shayinsa!

Kafin mai gyaran ya buɗe baki, Baba ya taso a gaban ma'aikata. "Kai kake lalata ta don ka riƙa zuwa wurin 'yata! Daga yau kada na sake ganin ƙafarka."

Auta ta yunƙura za ta yi magana, mai gyaran ya yi mata ido, ya dubi Baba. "Laifina ne, Baba. A bar ni na ƙarasa."

Ya ƙara soket a bango, ya tattara kayansa ya tafi.

Ta rubuta masa tana hawaye: "Me ya hana ka faɗa?"

"In kunyata mahaifinki a gaban yaransa? Gara na rasa aikin, abar ƙaunata."

"Har da ni?"

"Ke kam Allah ya kiyaye."

Wallahi a nan ta san ba ta da miji sai shi.

Sati biyu folda ba ta ko motsa ba, don Baba ya koma jona butarsa a sabon soket. Wata rana Baba ya sunkuya zai jona buta, ya hangi 'yar takarda manne a jikin soket: "Baba, na dama na shayinka ne. Na hagu a bar wa ofis." Ya daɗe a durƙushe.

"Auta! Kin sani?"

"Na sani, Baba. Shi ya hana ni faɗa."

Baba ya share gumi. "Yaron da ya rufa mini asiri ina zaginsa, ai zai riƙe mini ke. Ki ce ya turo manyansa."

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun angon ya ƙi saki. "Na zalunce ka, ɗana, ka yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri duniya da lahira."

Duk wurin aka amsa da amin.