Fararen Duwatsun Baba Saje

A wani ƙauye da ke kusa da garin Anka, akwai wani yaro ɗan aji biyar mai yawan tambaya. Ko tururuwa ya gani ta ja layi, sai ya tambayi inda za ta.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi wa tambaya ba, wato Saje Muntari. Tsohon soja ne da ya dawo gida bayan ya ajiye aiki, yana koya wa yaran makaranta ƙwallo. Baba Saje suke kiransa, kuma suna ƙaunarsa ƙwarai. Yakan ce, "Ba a tambaya lokacin atisaye. In an tashi, kowa ya zo da tambayarsa." Amma da zarar an tashi, sai kowa ya ruga gida, har da yaron.

A gefen filin ta gabas akwai jerin fararen duwatsu. Layinsu bai miƙe ba. Ya lanƙwasa ya ci gefen filin, ya kewaye wani ɗan tudu da ba a noma shi. Kowace shekara Baba Saje yakan shafa musu farar ƙasa da hannunsa. Idan ƙwallo ta faɗa can, shi kaɗai ke jawo ta da doguwar sanda, ya wanke ta kafin ya mayar.

"Me ke cikin tudun nan?" yaron yakan tambayi kansa.

Ana nan sai Allah ya yi wa Baba Saje rasuwa. Bayan an share makoki, Malam Salihu, shugaban makaranta, ya tara yara.

Ya ce, "Za mu yi masa addu'a ranar Asabar. Daga nan mu buga wasa da yaran Gummi domin tunawa da shi."

Yaron ya dubi filin. Ya ga baƙi za su zo su tarar da shi a karkace. Ya ce a ransa, "Zan miƙe shi domin Baba Saje. Kuma zan ga abin da ke ciki."

Da la'asar ya ɗauki fartanya ya tafi. Ƙanwarsa Hamida, 'yar shekara uku, ta bi shi. Ya mirgine duwatsun gefe guda, ya shiga sarar tudun. Ya yi ta haƙa har ya kai ga wata ƙasa mai laushi, launinta daban. Babu tukunya, babu rami, babu komai. Hamida kuwa ta zauna tana dafa tuwon ƙasa da ita.

Da suka koma gida, Inna ta dubi hannun Hamida da bakinta.

"Ina kuka samo ƙasar ga?"

"A tudun Baba Saje, Inna. Na gyara filin ne."

Inna ta saki ludayin da ke hannunta. "Innalillahi! Mi ka yi haka? Tuɓe rigar ga yanzu, kada ka shiga ɗaki da ita!"

Ta yi wa yaran wanka da sabulu har sau biyu. Washegari da sassafe Baba, mahaifinsu, ya ɗauki Inna da Hamida a babur zuwa asibiti a Anka, domin a auna jinin yarinyar. Malam Salihu ya rufe filin, ya ce babu wasa sai an gyara.

Yaron ya kasa cin abinci. Ya je wurin Malam Salihu, idonsa cike da hawaye.

"Malam, ƙasa ce kawai na gani. Me ya sa kowa ya tsorata?"

"Yau ka yi tambayar da ta kamata ka yi tun jiya," in ji Malam. "Zo mu je wurin wadda ta fi ni sani."

Suka tafi gidan marigayin, suka gaida matarsa, Gwaggo Ladidi. Ta saurari labarin, sannan ta ce:

"Ɗana, ba a haife ka ba sa'ad da aka yi abin. A da, cikin gidaje ake niƙa dutsen zinariya. Ashe akwai gubar dalma a ƙurarsa. Yara ƙanana suka yi ta ciwo. Jikanmu Khalilu yana cikin waɗanda ba su tashi ba."

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Da ma'aikatan lafiya suka zo, aka kankare ƙasar gidaje duka, aka binne ta can cikin tudun ga, aka rufe da ƙasa mai kyau. Saje yana cikin masu ɗauka. Bayan sun tahi, shi ya jera duwatsun. Shi ya share filin, don yara su sami wuri mai tsabta."

"Gwaggo, me ya sa bai gaya mana ba?"

Ta yi ɗan murmushi. "Kullum sai ya zauna bakin fili bayan an tashi, yana jiran mai tambaya. Yakan dawo ya ce mini, 'Ladidi, yau ma duk sun gudu, kamar na ce su biyo ni fagen fama.'"

Da yamma Baba da Inna suka dawo. Likita ya ce Hamida lafiya lau take, domin an wanke ta da wuri. Yaron ya rungume ƙanwarsa, ya nemi gafarar iyayensa.

Manya suka kawo sabuwar ƙasa a amalanke, suka rufe inda ya haƙa, suka mayar da duwatsun. Gwaggo Ladidi ta ba yaron gwangwanin farar ƙasa na Baba Saje. Ya shafe duwatsun ɗaya bayan ɗaya.

A Asabar ta gaba aka yi addu'a, aka buga wasa a filin yadda yake, a karkace. Da aka tashi, wani ɗan Gummi ya nuna duwatsun.

"Kai, me ya sa filinku ya lanƙwasa haka?"

Yaron bai ruga gida ba. Ya ce, "Zauna in gaya maka."

Yara manyan gobe, tambaya abu ne mai kyau, amma a yi ta kafin aiki, ba bayansa ba. Idan kun ga abin da babba ya kafa, kada ku cire shi sai kun san dalilinsa.