Gida Mai Taya Huɗu

Ranar da Ɗalhatu ya fara shiga shagon, Sahada ko kai ba ta ɗaga ba. A babbar kasuwar 'yan China da ke gefen International City a Dubai, mutum ɗari zai taɓa kaya kafin ɗaya ya saya, kuma shekara biyun da ta yi a bayan kanta ta koya mata gane mai saye tun daga takunsa. Wannan dogon mai shuɗiyar rigar aiki, a layin 'yan kallo ta sa shi.

Ya ɗauki wani kwali, ya juya ya ga farashi, sai ya ce da kansa, "Kai! Ai gara a sace motar, ya fi sauƙi."

Dariya ta kuɓuce mata. Ta ce, "In an sace kuma ka dawo nan ka yi mana kuka."

Ya juyo da sauri kamar wanda kakarsa ta kira. "Hausa? 'Yar ina ce ke?"

"Zangon Kumasi."

"Ni Funtuwa. To 'yar uwa, ki taimake ni don Allah."

Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a wani kamfani. Wani Bature mai barin ƙasar ne ya sayar masa da tsohuwar mota mai ɗaki, irin wadda ke da gado da kicin da banɗaki a ciki. Shekara guda yana gyaranta da hannunsa, da burin in sanyi ya shigo ya riƙa kai iyalan 'yan gida yawo duwatsun Hatta. A wani filin yashi a bayan gininsu yake ajiye ta, hankalinsa kuwa kullum yana can. Tiraka yake nema, wato na'urar bin diddigin mota, wadda kuɗinta ba zai karya shi ba.

Sahada ta jero masa guda uku a kan kanta.

"Wannan a ƙarƙashin sitiyari ake cusa ta. Ita ta fi araha, ita kuma ɓarawo zai fara zarewa ya jefar ta taga. Wannan mai maganaɗisu ce, ko'ina ka manna, amma ranar da ka manta caji, dutse ka saya. Waccan da ta ba ka tsoro ta masu hali ce, duk shekara sai ka biya kamfani kamar kuɗin makaranta."

"To ni talaka ina zan sa kaina?"

Ta leƙa ta tabbatar mai shagon na kan waya, sannan ta sunkuya ta ɗauko wata baƙa kamar kwalin ashana, da wayoyi huɗu.

"Ka haɗa ta da batirin mota, ka ɓoye inda ko kai sai ka yi tunani kafin ka tuna. Ka sa mata layi. Mota na motsawa za ta turo saƙo, ka ga inda take a taswira. In ka tura lambar sirri kuwa, da motar ta tsaya ba za ta sake tashi ba sai ka buɗe. Kalas, shi ke nan. Amma lamba biyu take so, don in wayarka na kashe, ɗayar ta ji."

Ɗalhatu ya sosa ƙeya. "Ba ni da wanda zai tashi tsaye don motata a garin nan."

Yadda ya faɗi maganar, ba neman tausayi, shi ya taɓa ta. Ta ce, "Kawo in sa tawa mu gwada. In ka haɗa ka ga tana aiki, sai ka cire."

Bai cire ba. Ita ma, tsakani da Allah, ba ta tuna masa ba.

Ranar Juma'a da hantsi wayarta ta yi ƙara: mota ta motsa. Ta rubuta masa, "Malam, motarka na tafiya."

Ya amsa, "Na sani. Ni ne ɓarawon. Masallaci zan je, a yi mini afuwa."

"To ka cire lambata mana."

"Mai gadi mai kyau irin wannan? Ko da kuɗina ban samu ba."

Daga nan sunan ya bi ta. Shi yana ce mata Mai Gadina, ita tana ce masa Kunkuru, tunda da gidansa yake yawo. In ya tsaya shan mai sai saƙo ya shigo, "Kunkuru, ka sha ruwa kai ma, ba mota kaɗai ba." In ta tashi aiki ta tarar da nasa, "Mai Gadina, yau mota ba ta je ko'ina ba, amma zuciyar mai ita tun safe tana shagonku."

Ya kawo mata kilishin da aka aiko masa daga gida, ta dafa masa wake da shinkafa irin na Zango, da yajin da ya sa shi hawaye yana cewa bai ji komai ba. Kafin sanyin 2019 ya fita, Sahada ta san ta kamu. Tana son sa, so irin wanda ke sa mutum murmushi shi kaɗai a cikin bas.

Da ya ce zai turo magabata, ta kira gida. Mahaifiyarta, Mma Sabuwa, ta yi murna, amma da wayar ta kai hannun Baba sai ta ji muryarsa a daƙile. Ashe labari ya riga ta isa.

Abdul-Wahid ne ya kai shi. Ɗan unguwarsu ne a Kumasi, yana aiki a shagon canji a Al Muraqqabat, kuma tun zuwanta yake kewaye ta tana kaucewa. Shi ya ɗauki hoton Ɗalhatu zaune a ƙofar motar da buta yana alwala, ya tura wa Baba, ya ƙara da cewa ga gidan surukin nasa nan.

Baba Abdul-Rahaman ya ce, "Sahada, mu a gidanmu kafin a ba da 'ya sai an yi bincike. A je unguwar mutum, a tambayi limaminsu, a tambayi maƙwabci. Wannan ina zan aika? Bakin titi?"

"Baba, yana da ɗaki. Motar ta sana'a ce."

"Shekara talatin ina jan babbar mota, ni za ki gaya wa halin mai taya? Ranar da ransa ya ɓaci, makulli kawai zai murɗa. Kin manta Sumaya?"

Ba ta manta ba. Yayarta ce, wadda wani baƙo mai daɗin baki ya aura ya tafi da ita wata ƙasa, sai da aka shekara huɗu ana nema kafin ta dawo da goyo, a rame. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja baya. Baba ya yanke magana: in bizarta ta ƙare bayan wata biyu, ta tattaro ta dawo gida.

Ta gaya wa Ɗalhatu komai, ba ta rage ba. Ya ce, "Baba ya yi gaskiya." Daga nan kwana huɗu ba ta ji ɗuriyarsa ba, sai gaisuwar safe a taƙaice, kamar ta maƙwabcin da ba a saba da shi ba.

Ranar Talata da safe tana jera kaya, wayarta ta yi ƙara. Mota ta motsa. Talata, ranar aiki! Ta buɗe taswira, ga ɗan jan ɗigon nan ya hau babban titi, ya miƙa Sharjah. Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta sake kira har sau biyar.

Maganar Baba ta dawo mata daram: makulli kawai zai murɗa. Wato Kunkuru ya ɗauki gidansa ya ƙara gaba, ko sallama babu. Hawaye suka cika mata ido, haushi ya biyo baya. Ita da ke gaya wa masu saye kada su taɓa lambar sirri sai sun tabbata sata ce, ita ce ta danna ta. Ɗigon ya yi ta tafiya, can ya tsaya, bai sake motsi ba.

Ta ce wa mai shagon ba ta da lafiya, wanda ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, ta tare tasi.

A ƙofar kasuwar tsofaffin motoci ta same shi, kansa a cikin inji, gumi ya jiƙa masa riga. Wani dillali ɗan Siriya na tsaye a gefe yana kaɗa makulli. "Habibi, motar da ba ta tashi a gaban mai saye, kyauta ma ba na so." Ya juya ya yi tafiyarsa.

Ɗalhatu ya ɗago ya gan ta, ya ga wayar a hannunta, ya gane. "Ke ce?"

"Ni ce. Ina za ka?"

"Sayar da ita zan yi."

Ta ce, "Sayarwa? Saboda me?"

Ya goge hannu da tsumma, bai kalle ta ba. "Baba gida yake so mai ƙofa da lamba. In na sayar, zan kama fulat na shekara. Na san in na ɗauki wayarki za ki hana ni, ni kuma ba na iya yi miki musu."

"Shekara guda kana kwance a ƙarƙashinta, Ɗalhatu."

"Mota ce. Ana sake saye. Ke fa?"

Nan Sahada ta fashe da kuka, a gaban dillalai da masu shayi, ba ta damu da kowa ba. "Ni kuma na zaci guduwa ka yi. Ka yafe mini."

"Kunkuru ya gudu? Ya kai ina?"

Ta yi dariya cikin hawayen. Da ta nutsu sai ta ce, "Ba fulat Baba ke nema ba. Shi wanda ya ɗauke Yaya Sumaya ai gidan bene gare shi. Tsoronsa kada a kai 'yarsa inda idonsa ba ya kaiwa."

Ɗalhatu ya dubi wayar da ke hannunta, ya dubi motar. Sannan ya ce, "Kira min Mma."

A wayar Mma Sabuwa aka yi kiran bidiyo, don ta Baba mai maɓalli ce. Ɗalhatu ya cire hula, ya durƙusa a kan kwalta mai zafi kamar tsohon na gabansa.

"Baba, Allah Ya ƙara girma. Ni ne mai motar. Gidanmu na Funtuwa, bayan tsohuwar kasuwa, gidan Malam Mijinyawa mai ɗinki. A aika a tambayi kowa, abin da aka ji a yi aiki da shi. Ita kuma motar, akwai na'ura a cikinta. Zan sa ta a wayar Mma, duk inda ta je za ku gani. Ga kuma lambar da ke kashe ta. Ranar da kuka ga na nufi inda ba ku yarda ba, ku kashe daga nan Kumasi."

Baba ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika wayar. "Daga nan? In kashe mota a Dubai?"

"Yanzu haka ma 'yarku ce ta kashe ta, Baba. Shi ya sa kuka gan ni a rana."

Aka ji dariyar Mma daga baya. Baba bai yi ba, amma ya ce, "Buɗe ka tayar in ji." Sahada ta buɗe, Ɗalhatu ya murɗa makulli. Tsohon direba ya karkata kunne ya saurari inji, ya ce, "Bel ɗinka ya saki. Ka ɗaure." Ya miƙa wa Mma wayar.

Bai ce ya yarda ba. Amma a makon nan ya sa wani amininsa mai fataucin goro ya ratsa Funtuwa. Mutumin ya zauna da limami, ya sha shayi da maƙwabta, ya dawo da cewa aibin yaron ɗaya ne: tun yana ƙarami ba ya barin rediyon gida sai ya kwance shi. Shi kuwa Baba, Mma ta ce kullum bayan la'asar sai ya sa tabarau ya karɓi wayarta yana gadin ɗigo. Har ya haddace hanyar masallacin Juma'ar Ɗalhatu, ranar da saurayin ya makara kuwa sai da ya sha faɗa a waya.

An ɗaura aure a Zangon Kumasi bayan ƙaramar salla. Kawunnan ango suka zo tun daga Funtuwa da goro da alewa, ana ta yi musu tsiya cewa sun kawo goro garin goro. Abdul-Wahid ya turo saƙon taya murna mai layi ɗaya, aka amsa masa da amin.

Da sanyi ya shigo, ango da amarya suka ɗauki hanyar Hatta. Sahada na gaba da fulas ɗin shayi a cinya, sabon lallen da ta yi a ƙafa bai gama fita ba. Ba su yi nisa ba saƙon murya ya shigo daga wayar Mma. Muryar Baba ce.

"Ɗalhatu, na ga kun tashi. Wannan ne gani na ƙarshe, na ce uwarku ta goge abin nan daga wayarta. Wanda ya ba ni makullin gidansa tun ban ba shi komai ba, ba ya buƙatar gadina. Ka kai ta duk inda ka ga dama, ɗana. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Ka ɗaure bel ɗin nan kuwa?"

Ɗalhatu ya gangara gefen titi ya tsaya, don idonsa ya daina ganin hanya sosai. Sahada ta zuba masa shayi.

Ya ce, "Saura mai gadi ɗaya ke nan."

"Ita kam ba ta ajiye aiki. Yalla, Kunkuru, tayar mu tafi."

Ya ce bismillah, ya murɗa makulli. Wayar da ke cinyarta ta yi ƙara tana sanar da ita motar ta motsa. Ta kife ta, ta ce amin ga addu'ar Baba.