Angon da Ya Biyo ta Teku

Ranar da Laras ta fara ganin Danang, muryarta rawa take a gaban manyan kamfani. Ita ce mai nazarin tsare-tsare a wani kamfanin sinadarai da ke Gresik, aikinta ta duba taswira da alƙaluma ta ba da shawarar inda za a faɗaɗa. Danang, wani injiniya mai hular kwano a cinya, ya turo mata kofin shayi mai ƙanƙara.

"Sha. Tankunanmu ma sai an sanyaya su suke aiki."

Ta sha, kunya kamar ta nutse. Daga ranar ya laƙaba mata 'Yar Taswira, kullum kuma sai ya riƙe mata kujera a kantin ma'aikata, shi ya cinye barkonon miyarta, ita ta cinye masa ƙwai.

Da magana ta yi nisa, ya je gaida mahaifinta, Pak Sutikno.

"Ina ne gidanku, yaro?"

"Sidoarjo, Bapak," in ji Danang, wato Baba da harshensu.

Tsohon ya ajiye kofinsa a hankali, ya dubi 'yarsa.

"Nduk, 'yata, daga Sidoarjo zuwa nan Gresik arewa maso yamma ne. Ango ba ya bin wannan hanyar zuwa gidan amarya, ta wannan fuskar ake kwantar da mamaci a ƙasarmu. Ƙanwata ta ƙi ji, mijinta bai shekara ba."

"Bapak, ai kwana na Allah ne."

"Na sani. Amma ba da 'yata zan gwada ba."

Tun daga nan sai ga Wisnu, ɗan amininsa mai kantin magani, yana zarya da kwalin kek. Uwarta ta riƙa cewa, "Wannan ko gidansu gabas yake, sambal!"

Ana cikin haka manya suka amince da shawarar da Laras ta daɗe tana haɗawa, cewa a buɗe sabon sashe a Bontang, can ƙetaren teku. Aka tambayi masu son komawa. Danang ne ya fara ɗaga hannu.

Ta shige banɗaki ta rubuta masa, hawaye na ɗiga a kan wayar:

"Mas, Yayana, da hannuna na zana wurin da za ka guje mini?"

"Ba gudu ba ne, 'Yar Taswira. Ki jira ni. Ina tsoron in faɗa miki abin da bai tabbata ba."

Ya tafi. Damina ta zo ta wuce. Laras ta daina taɓa ƙwai. Duk taswirar da ta buɗe a ofis, idonta sai ya zarce kan ɗigon nan na bakin teku, ta ɗora masa yatsa kamar za ta ji ɗuminsa. Saƙonsa kan zo bayan ya tashi aiki:

"Yau na sa wa gidan tagogi. Ɗaya na kallon inda kike."

Ta karanta, ta kife wayar. Wane amfani taga za ta yi mata? Wisnu ma da ya ga kek ɗinsa a hannun yaran maƙwabta, ya ɗauke ƙafa.

Wata Lahadi da hantsi sai ga Danang da kawunsa a ƙofar gida, ya yi baƙi, ya rame.

"Ina ne gidanku, yaro?" in ji Pak Sutikno, fuska a murtuke. "Ko Sidoarjo ta tashi daga inda take?"

"Bontang, Bapak. Can nake, can na yi gida, daga can zan taso ranar ɗaurin aure."

Laras, da ke laɓe bayan labule, ta ja layin daga Bontang zuwa gidansu a zuciyarta. Kudu maso yamma! Ta toshe baki da mayafi. Ita da ke wuni a kan taswira, ko sau ɗaya ba ta hango ba.

Tsohon ya jima yana zana wani abu da yatsa a kan tebur. Sai ya tuntsire da dariya.

"Ɗan nema! Teku guda ka zagaya don ka shigo mini ta wata ƙofa? Nduk, fito ki kawo wa mijinki shayi, ai na ga ƙafarki."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura. Da suka durƙusa neman albarka, Pak Sutikno ya dafa kawunansu.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya sa duk inda kuka fuskanta alheri ne."

Danang ya raɗa mata, "Tagar nan fa, yanzu ina za ta kalla?"

"Gidan Bapak," in ji Laras, tana share ido.