Takabar Lauratu

Tun ranar da aka tsinci Imrana kwance cikin jini a gonarsa ta Sakajiki, matarsa Lauratu ba ta sake ganin rana ba. Takaba ta tsare ta a ɗaki, dangin miji suka ƙara mata da kwaɗo a ƙofa, suka raba ta da jaririyarta Hanifa tana tsaka da shan nono. Wai ita ta kashe shi... marainiyar da ko kaza ba ta iya yankawa! Haladu, ɗan uban mamacin, shi ya rantse cewa ya riske shi da sauran numfashi, har ya ambaci wadda ta sare shi. 'Yan sanda kuwa jira kawai suke ta fita takaba su wuce da ita. Nono ya cika mata ƙirji, tana jiyo kukan 'yarta ta bayan katanga, ba ta da abin yi sai "Allah kai ka gani", hawaye na bin kumatunta.

Ana haka Baba Jatau ya zo daga Ƙaura, tsohon ɗan sandan ciki da ya ajiye aiki, wanda mai gari ya roƙa ya sa ido. Ta jikin ƙyaure ya yi mata magana.

"Ɗiyata, da wane suna mijinki ka kiranki?"

Cikin shessheƙa ta ce, "Mai Sunan Inna, Baba. Sunan mahaihiyatai gare ni."

Washegari ya tara dattawa a zaure, ya dubi Haladu. "Mi mamacin yac ce maka? Hwaɗi yadda ya hito bakinai."

"Cewa yay yi, Lauratu ta kashe ni. Da kunnena na jiya."

Liman ya girgiza kai a hankali. "Imrana ko a gaban alƙali bai iya kama sunan uwatai."

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Baba Jatau ya ci gaba da jefa tambaya, Haladu na zufa yana sauya zance, har ya kai su rumbun da ya ɓoye gatarin. Ashe kan fadamar gado ya kashe ɗan'uwansa. Da ankwa aka fita da shi, kotu ta yi masa ɗaurin rai da rai.

Da aka ɓalle kwaɗon, Lauratu ba ta tsaya sauraron masu neman gafara ba. Hannu kawai ta miƙa.

"Ku ba ni ɗiyata," ta ce, "ta daɗe da yunwa."